Kayan yanka tayil

Kayan yanka tayil su ne kayan aikin da masu shimfiɗa tayil ke amfani da su wajen rage tsawo ko faɗin tayil, ko fitar da kwana a jikinsa, ko huda shi, domin ya shiga gurbin da cikakken tayil ba zai shiga ba. Da wuya a samu ɗakin da faɗinsa ya zo daidai da ƙidayar cikakkun tayil, don haka layin da ke bin bango, da bakin ƙofa, da kewayen bututun ruwa da soket ɗin wuta, duk sai an yanka. Ana amfani da waɗannan kaya a kan tayil na tangaran, da na fosilin, da na gilashi, da kuma fallayen dutse irin su mabul da giranit.

Ko da yake ana cewa "yanka", babu ɗaya daga cikin kayan da ke ratsa tayil yadda wuƙa ke ratsa nama. Hanyoyi biyu ake bi. Ta farko ita ce a yi wa fuskar tayil ɗin tsaga marar zurfi, sannan a danna shi ya karye a kan tsagar. Ta biyu ita ce a goge jikinsa da abin da ya fi shi tauri, a bi layin ana cinye shi har ya rabu biyu. Hanya ta farko ba ta buƙatar wutar lantarki kuma ba ta tayar da ƙura, sai dai miƙaƙƙen layi kawai take iya yi. Ta biyu tana fitar da kowace irin siffa, amma tana mayar da abin da ta cinye gari mai laushi, wanda ke lahanta huhu idan ba a kashe shi da ruwa ba.

Yanayin tayil

Tayil yumɓu ne da aka cakuɗa da wasu ma'adinai, aka danne shi a inji, aka gasa. Yana jure nauyin da aka ɗora masa idan yana kwance a kan siminti, amma ba ya lanƙwasa. Da zarar an nemi tanƙwara shi sai ya dare, kuma darewar takan fara ne daga wurin da ya fi rauni a fuskarsa. Injiniyan Ingila A. A. Griffith ya yi bayanin wannan ɗabi'a a shekarar 1921 a binciken da ya yi kan gilashi, inda ya nuna cewa ƙananan tabo da ke jikin abu mai gautsi su ne ke tara ƙarfin da ke fasa shi. Mai yanka tayil yana cin moriyar wannan ne: shi da kansa yake ƙirƙirar raunin a inda yake so, sai darewar ta bi shi.

Ba duk tayil ne ke karyewa iri ɗaya ba. Tayil ɗin bango na tangaran yana da ƙananan ramuka a cikin jikinsa, yana shan ruwan da ya wuce kashi 10 cikin 100 na nauyinsa, kuma ƙyallin da ke fuskarsa ne kaɗai mai tauri. Irin wannan yana da sauƙin sarrafawa. Fosilin kuwa ana gasa shi a zafin da ya kai kimanin digiri 1,200, har jikinsa ya curu kamar gilashi. A ƙa'idar ISO 13006, sai tayil yana shan ruwan da bai wuce kashi 0.5 cikin 100 ba ake sanya shi a wannan rukuni. Taurinsa daga sama har ƙasa ne, shi ya sa yake buƙatar ƙarfi mai yawa kafin ya karye, kuma yakan ɓantare a baki idan kayan aikin ba su da kyau.

Ana kwatanta taurin abubuwa da ma'aunin da masanin ma'adinai Friedrich Mohs ya fito da shi a 1812, mai hawa 10. A wannan ma'auni mabul yana kusa da 3, gilashin taga da ruwan wuƙa suna wajen 5 da rabi, giranit yana tsakanin 6 da 7, kuma fosilin mai kyau yakan kai 7. Abu ba ya karce wanda ya fi shi tauri, don haka ƙarfe zalla ba ya cin fosilin. Abubuwa biyu ake dogara da su: tungustin kabayid, wanda yake wajen hawa na 9, da daimon, wato lu'ulu'u, wanda shi ne na 10.

Tarihi

Kafin zuwan injina, guduma ce kayan aikin. Masu adon ƙananan duwatsu na zamanin Rumawa suna kafa wani ƙarfe mai kaifi a kan kututturen itace, bakinsa na kallon sama, su ɗora dutse a kai su sare shi da guduma mai kaifi. Har yau masu wannan sana'a a Rabenna da Benis na ƙasar Italiya suna aiki da kayan nan biyu, suna kiran gudumar martellina, ƙarfen kuma tagliolo.

A Maroko da Andalus sana'ar ta kai wani matsayi na daban a adon da ake kira zallij. Ana gasa tayil mai murabba'i, mai faɗin kimanin santimita 10, kowanne da launi ɗaya. Wani ya zana siffar da ake so a kan ƙyallin, wani kuma ya sassaƙe ta da wata faffaɗar guduma mai kaifi a baki biyu da ake kira minƙash, yana jirkita gefen zuwa ciki domin gutsattsarin su haɗu ba tare da rata a fuska ba. Daga nan a jera su a kife a ƙasa, a zuba musu kwaɓi ta baya, su zama falle guda. Makarantar al-Attarin da sarakunan Banu Marin suka gina a Fas tsakanin 1323 da 1325 tana daga cikin fitattun wuraren da ake ganin wannan aiki, haka ma fadar Alhambra a Garnada. Masu ziyara daga ƙasar Hausa da ke zuwa zawiyar Shehu Ahmad Tijjani a Fas suna ganin irin wannan ado a can. A Iran ma an daɗe ana yanka tayil gutsi-gutsi, amma aikin yana cin lokaci ƙwarai. Lokacin da Shah Abbas ya fara gina babban masallacinsa a Isfahan a 1611, an yi amfani sosai da wata dabara ta zana launuka da yawa a kan cikakken tayil guda, wadda ta rage yawan yanka.

Tayil na masana'anta, mai girma da kauri iri ɗaya, ya yaɗu ne bayan 1840, shekarar da Richard Prosser ya yi rajistar dabarar danne busasshen garin yumɓu a Ingila, Herbert Minton kuma ya yi amfani da ita wajen yin tayil. Ɗan wilin da ake tsaga gilashi da shi ya bayyana a Amurka a 1869 ta hannun Samuel Monce. A Jamus, Karl Schröter na kamfanin Osram ya samar da kabayid mai haɗin ƙarfe a 1923, kamfanin Krupp kuma ya fitar da shi kasuwa da sunan Widia, wanda aka gutsuro daga kalmomin Jamusanci masu nufin "kamar daimon". A 1951 'yan'uwan Boada, a garin Rubí kusa da Basalona, suka fito da mayankin hannu don tayil ɗin siminti mai ado da ake yayi a Sifaniya a lokacin, kuma sunan garin ne ya zama sunan kayansu, Rubi. Kamfanonin Italiya irin su Montolit da Sigma su ma sun yi suna a wannan fanni. Shekarar 1954 ta kawo abubuwa biyu: kamfanin Ackermann da Schmitt na Jamus ya fito da injin faifai na hannu mai saurin juyi, sannan a watan Disamba H. Tracy Hall na kamfanin General Electric ya ƙera daimon a ɗakin bincike. Daimon ɗin masana'anta ne ya sa faifan yanka ya yi arahar da ƙaramin mai sana'a zai iya saya.

Mayankin hannu

Wannan shi ne kayan aikin da mai tayil ya fi taɓawa a rana. Yana da faranti da ake kwantar da tayil a kai, da sanda ɗaya ko biyu na ƙarfe da suka bi tsawonsa ta sama, da mariƙi mai zamewa a kan sandunan. A ƙarƙashin mariƙin akwai ɗan wili na kabayid da kuma ƙafar dannawa mai fukafuki biyu. A tsakiyar farantin akwai wani siririn tudu na ƙarfe da ya yi daidai da hanyar wilin. Idan an gama tsaga, sai a sauke ƙafar a kan tayil ɗin a danna mariƙin. Fukafukan su danna gefe da gefe zuwa ƙasa, tudun ya tokare tsakiya, sai tsagar ta buɗe ta zarce har ƙasan tayil ɗin.

Tsagar ita ce komai. Ana yin ta sau ɗaya tak, daga baki zuwa baki, da nauyin hannu iri ɗaya. Sabon shiga yakan yi ta kai da komo da wilin yana zaton zurfi ake nema, alhali maimaitawar tana farfasa ƙyallin ne, ta haifar da ƙananan tsage da yawa, sai darewar ta rasa wadda za ta bi ta kauce. Gogaggen ma'aikaci da kunne yake gane tsaga mai kyau, domin tana da wani sauti siriri marar yankewa. Idan wilin ya tsallake santimita ɗaya a farko ko a ƙarshe, galibi a nan ne kusurwa za ta ɓalle.

Wilin yana da girma daban-daban, daga kimanin milimita 6 zuwa 22. Ƙarami yana yin tsaga mai tsabta a kan tayil mai santsi, babba kuma yana iya hawa kan fuska mai kaushi ko mai zanen itace. Akwai mayankin da ake turawa gaba, akwai wanda ake jawowa, kuma zaɓi tsakaninsu sabo ne kawai. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ƙarfin sandunan. Mayanki mai araha yakan lanƙwashe idan an danna shi a kan fosilin, wilin ya karkace, layin ya fita a gicciye. Tsawo ma abin lura ne. Tayil mai santimita 60 a kowane gefe, idan za a raba shi daga kusurwa zuwa kusurwa, layin ya kusa santimita 85, don haka mayanki mai tsawon 60 ba zai yi aikin ba.

Akwai abubuwan da mayankin hannu ba ya iya yi. Ba ya fitar da kwana mai siffar L, domin darewa ba ta tsayawa a tsakiyar hanya, sai ta kai bakin tayil. Ba ya cire siririn yanki mai faɗin santimita ɗaya ko biyu cikin aminci, saboda ƙafar ba ta samun wurin dannawa. Kuma ba a dogara da shi a kan dutse na asali, domin mabul da giranit suna da jijiyoyi da ƙwayoyi a cikinsu waɗanda darewa ke bi maimakon tsagar.

Awartaki da ƙananan kaya

Awartakin tayil yana da baki mai kabayid, ana gutsurar tayil da shi kaɗan-kaɗan don fitar da lanƙwasa ko cire ɗan abin da ya yi saura. Bakin da yake bari ba shi da kyan gani, don haka ya fi dacewa da wurin da murfin famfo ko wani abu zai rufe. Masu adon gilashi suna da nasu mai wili biyu a baki. Akwai kuma alƙalamin tsaga mai kan kabayid, wanda ake ja a jikin rula sannan a karya tayil ɗin a kan ƙusa ko siririn itace, da zarto mai igiyar kabayid, da dutsen goge baki. Duk waɗannan a kan tayil ɗin bango mai taushi suke da amfani.

Faifan daimon da zarto mai ruwa

Faifan daimon ba shi da haƙora masu kaifi irin na zarton katako. Farantin ƙarfe ne da aka manna wa baki na garin ƙarfe, irin su kobal da tagulla, wanda aka gasa tare da ƙananan ƙwayoyin daimon. Ƙwayoyin da suka leƙo waje su ne ke gogar tayil. Idan sun dakushe, garin ƙarfen da ke riƙe da su yana zaizayewa, su faɗi, sababbi su fito daga ƙarƙashi. Daga nan ne wata ƙa'ida da ke ba mutane mamaki ta samo asali: abu mai tauri yana buƙatar faifai mai taushin riƙo, domin daimon ɗin yana saurin dakushewa kuma dole a riƙa sauya shi, abu mai taushi da kaushi kuma yana buƙatar mai taurin riƙo don kada ya cinye faifan da wuri. Idan aka sa faifan kankare a kan fosilin, bakinsa yakan yi santsi ya daina ci, ya yi ta zafi. Sau da yawa ba ƙarewa ya yi ba. Ana farfaɗo da shi ta hanyar yanka wani abu mai kaushi, kamar bulo na siminti ko dutsen wasa wuƙa, sau biyu ko uku.

Bakin faifai iri uku ne. Mai baki a haɗe ba tare da giɓi ba shi ne ke yin yanka mafi tsabta, kuma shi ake so ga tayil mai ƙyalli da gilashi, sai dai yana son ruwa. Mai giɓi-giɓi yana da sauri kuma yana shan iska, amma yana ɓantare ƙyalli, don kankare da bulo aka yi shi. Na uku, wanda ake kira turbo, yana da baki a haɗe mai ƙananan kwari, yana tsakanin biyun.

Zarto mai ruwa inji ne mai tebur da irin wannan faifai, galibi mai faɗin milimita 180 zuwa 250. A ƙanana, faifan yana leƙowa ta ƙarƙashin teburin, ƙasansa na cikin kwanon ruwa, ma'aikaci yana tura tayil zuwa gare shi. A manya, injin yana rataye a kan gada ta sama, famfo yana watsa ruwa a kan faifan, tayil ɗin kuma yana kwance. Ruwan yana sanyaya faifan, yana wanke garin daga cikin yankan, yana kuma hana ƙura tashi. Wannan inji yana yanka fosilin da mabul da giranit, yana cire siririn yanki, yana fitar da kwana, kuma ana iya karkata shi zuwa digiri 45 don haɗa tayil biyu a kusurwar bango ko bakin matattakala ba tare da an ga kaurinsu ba. Ba a tura tayil da ƙarfi, ana barin faifan ya ci da kansa, kuma ana rage gudu a ƙarshen layi domin nan ne kusurwa ke ɓallewa. Aibinsa shi ne nauyi, da tsada, da caɓalin da yake bari.

Giranda

Injin faifai na hannu, wanda masu sana'a ke kira giranda, ba don tayil aka ƙera shi ba, amma da faifan daimon yana yin kusan duk yankan da mayankin hannu ya gaza: kwana, da'ira, ramin soket a tsakiyar tayil, da gyaran tayil ɗin da aka riga aka manna. Wanda aka fi amfani da shi yana ɗaukar faifai mai milimita 115 ko 125, yana juyawa kimanin sau 11,000 a minti. A wannan gudu, bakin faifai mai milimita 115 yana tafiyar kusan mita 66 a daƙiƙa, wato kusan kilomita 240 a awa.

Don samun baki mai tsabta, ana fara bin layin da yanka marar zurfi a fuska, sannan a zurfafa a zagaye na biyu. Idan ramin murabba'i ake so, ana tsaga gefuna huɗu ta fuska, a juya tayil ɗin a ƙarasa ta baya, inda wuce layi kaɗan ba zai fito fili ba. Kusurwar ciki mai kaifi wuri ne da darewa ke son farawa, musamman a manyan tayil, shi ya sa ake fara huda ƙaramin rami a kusurwar kafin a yanka zuwa gare shi.

Kowane faifai yana ɗauke da rubutun iyakar juyin da zai iya jurewa. Babban faifai mai milimita 230 an yi shi ne don kimanin juyi 6,600 a minti. Cire murfin kariya don a ɗaura faifan da ya fi ƙarfin injin, ko ɗaura faifan katako mai haƙora, na daga cikin abubuwan da ke jawo munanan raunuka a wannan sana'a.

Huda

Ana huda ƙananan ramuka a tayil mai taushi da bakin huda na kabayid mai siffar mashi. Ga fosilin da manyan ramuka na bututu, ana amfani da bakin daimon mai siffar kofi, wanda ke cin da'ira ya fitar da tsakiyar. Dole a kashe bugun guduma na injin huda, in ba haka ba tayil ɗin zai fashe nan take. Bakin yakan zame a kan ƙyalli, don haka ake fara shi a karkace har ya kama, ko a ɗora katako mai rami a matsayin jagora, ana ɗiga ruwa.

Manyan fallaye da yankan ruwa

Masana'antun Italiya da Sifaniya da Sin da Indiya yanzu suna fitar da fallayen fosilin da suka kai santimita 160 a faɗi da 320 a tsawo, wasu kaurinsu milimita 6 kacal. Irin waɗannan ba sa hawa kan mayanki. Ana kwantar da su a kan tebur, a manna doguwar sanda a kansu da kofunan roba masu tsotsar iska, a ja wilin a jikin sandar, sannan a fara buɗe tsagar daga baki da wata filaya ta musamman. Dabarar dai ita ce ta tsaga da karyawa.

A masana'antu ana yanka zane mai sarƙaƙiya da ruwa mai matsi, wanda ya kai kimanin ba 4,000, haɗe da yashin ganet, kwamfuta tana jan bakin. Injiniya Mohamed Hashish, haifaffen Masar, shi ne ya jagoranci samar da wannan dabara a Amurka a farkon shekarun 1980. Da ita ake fitar da furanni da taurarin da ake gani a tsakiyar daɓen manyan otal da masallatai, aikin da a da sai gudumar mai zallij.

Ƙura da lafiya

Haɗarin da ake gani da ido sananne ne: bakin fosilin da aka karya yana yanka kamar reza, ɓarɓashi yana shiga ido, ƙarar giranda ta wuce desibel 85 da ake ɗauka a matsayin iyakar da kunne ke jurewa tsawon yini, kuma haɗuwar ruwa da lantarki a zarto mai ruwa tana buƙatar na'urar da ke yanke wuta idan ta zurare. Wanda ba a gani shi ne ya fi kisa.

Tayil da giranit suna ɗauke da silika, ma'adinin da yashi ya ƙunsa. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Birtaniya tana ƙiyasta silikar da ke cikin tayil da kashi 30 zuwa 45 cikin 100, ta giranit kashi 20 zuwa 45, ta mabul kuwa kimanin kashi 2. Idan faifai ya goge su a bushe, yana fitar da ƙwayoyin da suka fi ƙanƙanta da abin da ido ke gani, waɗanda ke wuce hanci da maƙogwaro su sauka can cikin huhu. Jiki ba ya iya narkar da su. Sai huhun ya yi ta yin tabo a kewayensu har ya ƙandare, cutar da ake kira silikosis. Takan ɗauki shekara goma ko fiye kafin ta bayyana da tari da haki, ko da yake ƙura mai yawa tana iya kawo ta cikin 'yan shekaru. Ba ta da magani, kuma tana iya ci gaba ko bayan mutum ya bar sana'ar. Tana kuma ƙara haɗarin kamuwa da tarin fuka, kuma alamominsu suna kama da juna, abin da ke sa a wuraren da tarin fuka ya yi yawa ake iya ɗaukar ɗaya a matsayin ɗayar. A 1997 hukumar binciken cutar daji ta duniya, IARC, ta sanya ƙurar silika a rukunin abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa ɗan Adam cutar daji.

A 2016 hukumar OSHA ta Amurka ta rage iyakar ƙurar silika da aka yarda ma'aikaci ya shaƙa zuwa maikurogiram 50 a kowace mita mai kubik ta iska, a matsakaicin aikin awa takwas. Ostareliya ta wuce nan, inda daga 1 ga Yuli 2024 ta haramta dutsen haɗi na masana'anta da ake yin teburin kicin da shi, wanda silikarsa kan haura kashi 90 cikin 100, bayan an samu matasan ma'aikata da yawa da cutar.

Kariya tana da mataki-mataki. Mafi inganci shi ne kada a tayar da ƙurar tun farko, wato duk yankan da mayankin hannu zai iya yi a bar masa. Sai yanka da ruwa, sai giranda mai murfin da aka haɗa da injin zuƙe ƙura. Takunkumi shi ne na ƙarshe, kuma sai mai tace ƙananan ƙwayoyi, irin N95 ko FFP3, wanda ya kama fuska sosai. Hankici ko rawani da aka naɗe a hanci yana tare ƙurar da ake gani ne kawai. Caɓalin zarto mai ruwa ma idan ya bushe yana komawa ƙura, don haka a jiƙe ake kwashe shi, kuma ba a share wurin da busasshiyar tsintsiya.

Amfani a Najeriya

Tayil ya zama ruwan dare a sababbin gine-gine a biranen Najeriya, wani ana shigo da shi daga Sin da Indiya da Sifaniya da Italiya, wani kuma ana yin sa a cikin gida, kamar a masana'antar West African Ceramics da ke Ajaokuta a jihar Kogi. Ana samun kayan yankansa a kasuwannin kayan gini irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Dei-Dei a Abuja. Abin da aka fi gani a hannun masu sana'a shi ne mayankin hannu da giranda, zarto mai ruwa kuwa sai a manyan ayyuka da wuraren masu mabul da giranit. Rashin tsayayyar wuta yana ƙara wa mayankin hannu daraja, tunda giranda a sabon gini galibi sai da janareta. Sai dai sauyin da aka samu daga ƙananan tayil masu santimita 30 da 40 zuwa fosilin mai 60 da 60, ko 60 da 120, ya sa tsofaffin mayanka gajeru sun kasa, kuma wanda bai sayi dogo mai ƙarfi ba yakan koma yin duk yankansa da giranda a bushe, sau da yawa a cikin ɗaki, yaran da ke koyon aiki suna tsaye a gefe.

Yawan yanka yana raguwa tun daga awo. A ɗaki mai faɗin santimita 365, idan aka fara da cikakken tayil mai 60 daga bango, shida za su ci 360, a bar siririn yanki mai santimita 5 a ɗaya bangon, mai wuyar yankawa kuma mai munin gani. Idan aka jera biyar a tsakiya, kowane gefe zai samu kimanin santimita 32, wanda mayankin hannu zai fitar cikin sauƙi. Masu sana'a kan ƙara kimanin kashi 10 cikin 100 a kan adadin da awo ya bayar saboda yanka da fashewa, ko kashi 15 idan za a shimfiɗa tayil ɗin a gicciye, kuma ana sayen ƙarin tare da na farko, domin launin kwalin da aka gasa a wani zubi na daban ba lalle ya zo iri ɗaya ba.